Jinin Saniya da Teburin Edita: Martani ga Masu Cewa Nazarin Homon Ya Fi Ƙarfin Garwa

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo tsakanin masu binciken dabbobi a arewacin Kamaru, kuma wani babban malami da nake ganin girmansa ya fi kowa iya tsara shi. Don sauƙi zan riƙa ce masa Malam. A ganinsa, duk mai binciken da ke Garwa ko Marwa ko Ngaundere, in ya ɗauki takardarsa kan homon na dabbobi ya aika wa mujalla irin General and Comparative Endocrinology, ɓata lokacinsa kawai yake yi. Kayan aiki babu, masu tantancewa sun raina adireshinmu tun kafin su karanta, fannin kansa kuma na waɗanda suka ƙoshi ne. Shawararsa ita ce mu tara jini mu aika Turai ko Afirka ta Kudu, mu karɓi gurbi a tsakiyar jerin marubuta, ragowar kuma mu buga a gida don neman ƙarin girma. Ina ganin Malam ya faɗi wahalar daidai, amma ya kuskure inda takardunmu suke faɗuwa.

Tarihin fannin sananne ne ga abokan aiki: gwajin Berthold da zakaru a 1849, sunan da Starling ya raɗa wa waɗannan sinadarai a 1905, da kafa mujallar da aka ambata a 1961. Abin da ya shafe mu a nan shi ne ƙa'idar Krogh ta 1929, wadda ta nuna cewa tambayoyi da yawa na ilmin jiki suna da dabbar da ta fi dacewa a amsa su da ita. Fannin kwatanci a kan wannan ya ginu, don haka jarinsa na farko dabba ce da muhallinta, na'ura tana biyo baya.

To, me Garwa take da shi? Garin yana wajen digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, inda bambancin tsawon yini tsakanin damina da hunturu bai fi kusan sa'a guda ba. Yawancin abin da littattafai ke koyarwa kan lokacin barbara an samo shi ne daga tumakin Turai, waɗanda gajartar yini ke motsa su ta hanyar melatonin. A nan wannan ishara ba ta da ƙarfi, amma haihuwar shanu tana taruwa a wasu watanni, zabo yana saka ƙwai da damina, tarwaɗa tana jiran ambaliya. Me ke buɗe wa jiki ƙofar, ciyawa ce, ko sauƙin zafi bayan bazarar Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ko duka biyun? Wannan tambaya ce ta tsakiyar fannin, kuma amsarta tana garken da ke bakin kogin Binuwai.

Sai kuma shanun Namchi na ƙasar Poli, gajeru marasa tozo, da suka yi suna wajen jure sammore, suna kiwo kusa da shanu masu tozo na Fulani, Gudali kuma tana can Adamawa. Kwatancin da ya fi yawa a rubuce tsakanin masu tozo da marasa tozo daga Barazil ya fito, tsakanin Nelore da Holstein, wato saniyar nama mai asalin Indiya da saniyar madara ta Turai. A irin wannan kwatanci da wuya a raba abin da jinsi ya jawo da abin da zaɓen madara ya jawo. Mu kuwa muna da dabbobi biyu da suke shan rana ɗaya, ƙudan tsando ɗaya yana cizonsu. Sanannen abu ne cewa sammore na hana saniya neman barbara, yana kuma lalata marainan bijimi. Ko juriyar Namchi ta kai har ga homon ɗin haihuwa, tambaya ce da nake kyautata zaton edita mai sanin aikinsa zai tsaya ya karanta. Ƙara da wannan, Garwa ce hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON, kuma angurya da tunkuzarta, abincin rani na masu turka, suna ɗauke da gosifol, sinadarin da ke rage ƙarfin maniyyi.

Yanzu ga hujjar Malam mafi nauyi, ta kayan aiki. Ya ce wuta tana ɗaukewa, firiji yana narkewa, kwalin gwaji ɗaya mai ramuka 96 yana cin kasafin ɗalibi, ga shi manyan ɗakunan gwaje-gwaje sun koma na'urorin auna nauyin ƙwayar sinadari da ba mu da su. Duk haka ne. Sai dai har yau mujallun fannin cike suke da takardun da aka yi da ELISA, dabarar da ke hannun mutane tun 1971. Abin da suke nema shi ne a nuna musu cewa gwajin yana auna abin da aka ce yana aunawa a jikin wannan dabbar. A nan, a iya abin da nake gani a rubuce-rubucen da ke ratsa hannuna, muke yawan tuntuɓe.

Bari mu dubi abin a kusa. Ɗalibi ya isa ruga da sassafe, an kama saniya, ya ɗebi jini a jijiyar wuya, ya jera kwalabe a jaka. Kafin ya gama da garken, ya sha fura, ya hau babur ya dawo gari, azahar ta yi. Jajayen ƙwayoyin jinin saniya suna canza furojestaron zuwa wani abu daban, kuma cikin zafi suna yin haka da sauri, har cikin 'yan sa'o'i kaso mai yawa ya tafi. Sai ya samu adadi ƙasa da nanogiram 1 a mililita, iyakar da aka saba ɗauka alamar cewa saniya ba ta zagaye, ya rubuta cewa yawancin garken sun tsaya. Mai tantancewa zai tambayi minti nawa aka yi tsakanin ɗibar jini da raba ruwansa. In babu amsa, takarda ta faɗi, kuma laifin ba na rashin na'urar miliyoyi ba ne. Ƙanƙara a kula, ƙaramin injin juya jini da ke aiki da batirin mota, da littafin rubuta lokaci sun isa su rufe wannan ƙofa.

Haka batun kwalin gwaji. Wanda ake samu a kasuwa galibi don jinin mutum aka yi shi. Furojestaron da kotisol siffarsu ɗaya ce a mutum da saniya, amma ruwan jinin da suke ciki ya bambanta, don haka dole a tsarma samfur mataki-mataki a ga ko layinsa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na ma'auni, a zuba sanannen adadi a ga nawa ya dawo, a kuma faɗi yawan saɓanin da ke tsakanin faranti da faranti. Homon na furotin irin su LH da furolaktin kuwa tsarinsu ya sha bamban daga jinsi zuwa jinsi, kwalin mutum na iya kasa ganinsu sam. LH ɗin ma fitowa yake a tsittsinke, sai an ɗebi jini kowane minti 10 zuwa 15 kafin a ce wani abu a kansa, samfur ɗaya a wata ba ya faɗin komai. Wanda ya auna kotisol a zabo ya manta cewa kotikostaron ne babban homon ɗin wahala a tsuntsaye, wanda kuma ya tsaya ga testostaron a karfasar tafkin Lagdo ya bar 11-ketotestostaron, wanda shi ne jigo a namijin kifi.

Wani tabbacin ma a ƙofar gida yake. A mayanka, mai bincike zai iya tarar jinin saniya, bayan an feɗe ta ya duba ma'ajiyar ƙwanta da idonsa, ya ga ko akwai rawayan ƙullin da ke fitar da furojestaron, ya ga ko akwai ɗa a mahaifa, abin da abin takaici ba ya wuyar gani a kwatocinmu. In gwajin ya raba mai ciki da marar ciki daidai, an samu hujjar da babu editan da zai raina. Wannan ba ya aiki ga kotisol, domin dabbar da aka ja zuwa yanka a firgice take. Kuma bai kamata mu yi kamar yau aka fara ba: a shekarun 1980 da 1990 shirin haɗin gwiwar FAO da IAEA ya raba kwalayen auna furojestaron a madara da jini a ƙasashen Afirka da dama, masu bincike a Shika ta Zariya kuma sun buga ayyuka kan zagayen Bunaji a mujallu irin Theriogenology. Ba a aljanna suka yi aikin ba.

A nan ya zama dole in rage faɗin da'awata zuwa inda hujja ta tsaya. Malam zai ce, kuma da gaskiyarsa, kwatanta Namchi da Gudali kwatancin abu biyu ne kacal, alhali Garland da Adolph sun nuna tun 1994 cewa daga jinsi biyu ba a iya yanke hukuncin cewa bambanci ya samu ne saboda sabo da muhalli. Bayan haka, binciken gado ya tabbatar da cewa shanun Afirka masu tozo gauraye ne da marasa tozo, Namchi ma jinin masu tozo yana shigarsu. In kuma aka ɗauki garke ɗaya na wannan da garke ɗaya na wancan, makiyaya biyu aka kwatanta, kuskuren da Hurlbert ya yi wa suna a 1984. Don haka abin da zan iya karewa ya fi ƙanƙanta: takarda mai garkuna da dama a kowane ɓangare, wadda ta bi dabbobi ɗaya daga bazara zuwa kaka, ta ƙara Kapsiki na duwatsun Mandara ko Bunaji a matsayin na uku, ta kuma tsaya ga bayyana bambanci ba tare da yi masa dogon labarin asali ba, tana da damar shiga.

A namun daji na fi ba Malam gaskiya. Makarantar namun daji ta Garwa tana horar da jami'an ƙasashen Afirka masu Faransanci tun 1970, ga gandun Binuwai da Faro da Buba Njida kewaye da mu, kuma abin sha'awa ne a ce an auna wahalar da giwayen Buba Njida suka shiga bayan kisan da aka yi musu a 2012, ko ta dorina da mariya kusa da masu haƙar zinariya. Ana yin haka da kashi, ba sai an kama dabba ba. Amma abin da ke cikin kashi ɓurɓushin homon ne da hanta da hanji suka sarrafa, kuma kowane jinsi da nasa salon. Touma da Palme sun jaddada a 2005 cewa sai an tabbatar da gwajin jinsi-jinsi, galibi ta yi wa dabbar da ke tsare allurar ACTH a ga ko adadin ya tashi. Ƙwayoyin cuta kuma suna ci gaba da canza ɓurɓushin bayan kashin ya faɗi ƙasa. A wannan ɓangare haɗin gwiwa da ɗakuna irin na Biyana ko Firitoriya shi ne hanya. Inda na rabu da Malam shi ne kan matsayin da za mu shiga da shi. Yarjejeniyar Nagoya ta fara aiki a 2014, Kamaru ta yi dokarta kan albarkatun gado a 2021, kuma wanda ke riƙe da izini da fili da tambaya yana da abin cinikin da ya wuce gurbi na biyar a jerin sunaye. A rubuta wane ne marubuci na farko kafin kula ta bar Garwa.

Batun raini ba zan musanta shi ba. Amano da abokan aikinsa sun nuna a 2023 cewa waɗanda Ingilishi ba harshensu na farko ba ne ana mayar musu da takardu saboda harshe fiye da ninki biyu, mu kuwa da yawanmu Faransanci muka yi karatu da shi, Fulatanci ko Hausa muke yi da makiyayi, sannan mu rubuta da harshe na uku. Nauyi ne na gaske. Amma ina tsoron yadda wannan gaskiyar ke zama mafaka. Wasiƙar da ta ce harshe na bukatar gyara daban take da wadda ta ce ba a tabbatar da gwajin ba, kuma in muka haɗa su duka muka kira su raini, mun hana ɗalibi karanta ta biyun, wadda ita ce darasin kyauta mafi tsada da zai samu. Daga nan sai ya faɗa hannun mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda, aikin shekara biyu ya shige rijiya gaba dubu.

Kuɗin bugawa ma ba shingen da ake zato ba ne. Mujallu da yawa na fannin suna da hanyar da marubuci ba ya biyan komai, mai karatu ne ke biya. Revue d'élevage et de médecine vétérinaire des pays tropicaux, da ke fitowa tun 1947, tana karɓar Faransanci. Na yarda da Malam cewa takardar da ta tsaya ga shekarun balagar Gudali can ta fi dacewa, ko Tropical Animal Health and Production, kuma wannan ba ƙasƙanci ba ne. Mujallar kwatanci tana son a gaya mata, tun a wasiƙar da ke raka takarda, abin da sakamakon ya canza a fahimtar yadda homon ke aiki a halittu masu ƙashin baya. In marubuci ya kasa faɗin haka a jimla biyu, ya sauya mujalla. Izinin kwamitin ɗa'a da ƙa'idojin ARRIVE, waɗanda aka sabunta a 2020, a tanade su kafin allura ta taɓa dabba, don ba a samun su daga baya.

Saura hujjarsa ta cewa fannin na masu ƙoshi ne, alhali makiyayi allurar rigakafi yake nema, abin da ɗakin gwajin dabbobi na LANAVET ke sarrafawa a Bokle tun shekarun 1980. Ban ga karo tsakanin biyun ba. Saniya mai tozo gajeren lokaci take neman barbara, sau da yawa cikin dare kuma ba da alama mai ƙarfi ba, shi ya sa ɗurin maniyyi ke yawan faɗuwa in an bi jadawalin da aka tsara don Holstein. Mai kiwon tarwaɗa ba ya samun 'ya'ya sai ya yi wa uwar allurar homon. Adadin da lokacin duk daga wasu dabbobi da wasu ƙasashe muka aro su. Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, sabuwa ce, kuma shawarata gare ta, da makarantar likitan dabbobi ta Ngaundere, ita ce aikin farko na kowane ɗalibi a wannan fanni ya zama tabbatar da gwaji ɗaya a dabba ɗaya, a rubuta shi da kyau a ajiye, wanda zai zo bayansa ya ɗora tambayarsa a kai.