Rikicewar Jinin Al'ada Bayan Barin Ƙwaya: Nazari Daga Masaukin Alhazai a Shisha

Shisha unguwa ce a gabashin Makka, dab da Mina, inda Asibitin Sarki Faisal yake. Kusancinta da wurin jifa ya sa benayenta ke cika da alhazai duk shekara. A ɗakunan mata, da zarar an sauko daga Mina, sai ka ji koke iri ɗaya: "Hajiya, tun da na bar ƙwayar nan jini ya rikice mini." Dalilin shan ƙwayar jinkirta al'ada sananne ne: mai haila ba ta ɗawafi, ɗawafin ifada kuwa rukuni ne, ga ranar jirgi ba ta jiran kowa.

Ƙwayoyin iri biyu ne. Akwai ta tazarar haihuwa, mai haɗe da sinadaran estrojin da furojestin, wadda Amurka ta amince da ita a 1960. Akwai kuma noretisteron, da aka fara harhaɗawa a birnin Meziko a 1951, wadda mata suka fi sani da Primolut N. Ita ana shan miligiram 5 sau 3 a rana, a fara kwana 3 kafin lokacin al'ada. Aikinta ta riƙe shimfiɗar cikin mahaifa kada ta zube. Da an daina, sinadarin ya ja baya, jini ya sauko bayan kwana 2 ko 3, sau da yawa ya fi na kullum yawa. Haka yake ga matar da ta tsallake sha a cunkoson Muzdalifa: ɗigon da ta gani washegari daga nan yake.

Mai barin ƙwayar tazara kuwa, jikinta na buƙatar lokaci kafin ƙwaƙwalwa ta koma umartar ƙwai ya nuna. Yawancin mata al'adarsu kan dawo cikin wata 3. Allurar Depo-Provera ta fi jinkiri, domin ɗaukar ciki kan kai kimanin wata 10 bayan allurar ƙarshe. Abin lura shi ne, ƙwayar takan lulluɓe tsohuwar larura. Macen da dama ƙwanta ba ya nuna a kan kari, ko mai matsalar maƙoƙo, tana ganin jini kowane wata albarkacin ƙwaya. Da ta bari sai larurar ta fito fili, a ɗora wa magani laifi.

Haɗarin da ya fi rikicewar jini girma shi ne daskarewar jini a jijiya. Hanta na mayar da wani kaso na noretisteron zuwa estrojin, ga zaman jirgi, ga ƙishirwa da zafin Makka. Mai hawan jini, ko ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, ko wadda jini ya taɓa daskare mata, ba ta da dalilin karɓar sauran ƙwayar abokiyar ɗaki. Kumburin ƙwauri ɗaya, ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, duk na asibiti ne nan take. Haka ma jinin da ke jiƙa ƙunzugu duk awa.

Ta fuskar fikihu, Ibn Baz da Ibn Usaimin sun halatta shan maganin matuƙar bai cutar ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗaliban littafin Ahalari suka sani, mai sananniyar al'ada tana ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon al'adarta, muddin ba ta haura 15 ba; abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, sai ta yi wanka ta yi salla. In jinin na yankewa yana dawowa, sai ta tattara kwanakin da ta gan shi. Ke nan wadda ba ta riƙe lissafin kwanakinta ba, likita da malami duka za su rasa abin da za su gina amsa a kai.

Saboda haka maganin matsalar Shisha yana gida. Ya kamata hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi su sa wannan darasi cikin bitar maniyyata, ma'aikaciyar lafiya da malama su zauna da mata wata 2 ko 3 kafin tashi, a auna jini, a rubuta kwanaki. Wata ma lissafi zai nuna al'adarta ba za ta faɗo a kwanakin Hajji ba, ba ta buƙatar ƙwaya ko ɗaya. Wadda kuma ta dawo gida har wata 3 ba ta ga al'ada ba, ta fara da gwajin ciki, domin Primolut N ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne.