Raina Kama: Tarihin Bindigar Aljihu

A gidan wasan kwaikwayo na Ford da ke birnin Washinton akwai wata bindiga da aka adana cikin akwatin gilashi. Tsawonta bai cika inci 6 ba, wato wayoyin da yawancinmu muke karanta wannan rubutu a kansu sun fi ta tsawo. Harsashi ɗaya tak take ɗauka. Da ita John Wilkes Booth ya harbi shugaban Amurka, Abraham Lincoln, a ƙeya, daren 14 ga Afrilu, 1865, kwana biyar bayan babban kwamandan 'yan tawayen Kudu ya miƙa wuya. Lincoln ya cika da safiyar washegari. Yaƙin basasar da ya ci rayuka fiye da 600,000 ya ƙare bai taɓa lafiyarsa ba, sai ga abin da ake rufewa da tafin hannu ya gama da shi.

A Amurkar yau, zaɓen irin wannan ƙaramar bindiga ya koma kamar zaɓen waya. Mutum zai shiga kanti ya tambayi nauyinta, da yawan harsashin da take ci, da ko za ta nuna kanta a aljihun wando. Bidiyoyin masu gwada su suna iso mu ta YouTube da TikTok, kuma a wannan zamani na rashin tsaro da wuya mutum ya kalla bai ce a ransa, "Ina ma ni ne!" ba. Kafin mu yi wannan buri, ya kamata mu san inda abin ya faro da abin da ya jawo wa waɗanda suka riga mu riƙe shi.

Maƙerin bindigar Booth sunansa Henry Deringer, mutumin Filadelfiya. Bindigar tasa ta ɗure ce, kamar harba-ka-rugar mafarautanmu: a zuba albarushi ta baki, a tura dalma, a danna. Da yake sake ɗurawa yana cin lokaci, bibbiyu ake yawan sayar da su, kowane aljihu da tasa. 'Yan caca, da fatake, da masu haƙar zinariya da suka kwarara Kalifoniya daga 1849 duk sun yi rububinta. Ta yi kasuwa har maƙera suka shiga kwaikwayonta, wasu suna ƙara harafi ɗaya cikin sunan don su kauce wa shari'a. Sunan jabun ne ya zauna, har yau da shi ake kiran duk wata bindiga mai wannan fasali.

Gardama a kan bindigar ɓoye ta girmi Deringer ɗin da ta kashe Lincoln. Tun a 1813 jihohin Kentaki da Luwiziyana suka yi dokar hana yawo da makami a ɓoye. Abin lura shi ne, ba su hana mutum rataya bindigarsa a fili ba. A tunanin mutanen wancan lokaci, mai makami a bayyane ya yi maka adalci: ka gan shi, ka san yadda za ka zauna da shi. Wanda ya ɓoye kuwa ya shirya mamaya. A 1850 kotun ƙolin Luwiziyana ta tabbatar da dokar bisa wannan hujja, tana ganin ɓoye makami hanya ce ta kisan mummuƙe. Mu ma mun san wannan bambanci. Ba wanda ke firgita da takobin da ke rataye a kafaɗar mahayi ranar hawan Sallah, amma wuƙar da aka soke a ƙugu ƙarƙashin riga, aka shigo da ita wurin biki, wani zance ne daban.

Mutumin da ya mayar da bindigar aljihu abin da muka sani yau shi ne John Moses Browning, wanda aka haifa a garin Ogden na jihar Yuta a 1855. Kamfanin FN na ƙasar Beljiyam ne ya ƙera fistol ɗin da ya zana, aka fara sayar da ita gadan-gadan a 1900. Dabararta ita ce, ƙarfin fashewar harsashi ɗaya shi ke tura saman bindigar baya, ya fitar da kwanson da ya ƙone, ya ɗora sabon harsashi. Mai riƙe da ita ba abin da zai yi sai jan kunama. Bayan 'yan shekaru Browning ya fito da wata ƙarama ƙwarai mai cin harsashi 6, wadda aka yi musamman domin aljihun falmaran. A 1908 kuma aka fito da wani harsashi da ya tsara, wanda ake kira .380. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san darajar irin wannan aiki: ka kafa ma'auni ɗaya, na bayanka su yi ta gini a kai ba tare da sun taɓa shi ba. Shekara 100 cif bayan haka, a 2008, kamfanin Ruger ya fito da LCP, ɗaya daga cikin bindigogin aljihu da suka fi kasuwa a zamaninmu, kuma wannan harsashin na Browning take ci.

Sai dai ma'auni mai kyau ba ya tambayar wanda ya zo amfani da shi. Ranar 28 ga Yuni, 1914, a birnin Sarayebo, wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Gavrilo Princip ya fito da fistol ƙirar FN ta 1910 ya yi harbi biyu. Yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, da matarsa Sophie suka mutu. Wata guda bayan haka Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi a kan Sabiya, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya barke. Tartsatsinsa ya iso har ƙofarmu, domin sojojin da Ingila ta ɗiba daga Arewacin Nijeriya sun gwabza da rundunar Jamus a Garwa da dutsen Mora cikin Kamaru, kuma Mora ba ta miƙa wuya ba sai a Fabrairun 1916. Princip ba shi kaɗai ba ne. A 1901 an harbi shugaban Amurka William McKinley da libarba da aka naɗe cikin hankici, maharbin yana cikin layin masu gaisawa da shi. A 1948 fistol ƙirar Beretta ce ta kashe Mahatma Gandhi a hanyarsa ta zuwa taron addu'a. A 1979 shugaban hukumar leƙen asirin Koriya ta Kudu ya harbe shugaban ƙasarsa, Park Chung-hee, da Walther PPK suna tsakiyar cin abincin dare. Duk waɗannan ba wanda aka harba daga nesa. Kusanci aka samu, ƙanƙantar makamin ce kuma ta ba da damar kusancin.

Hukumomi sun yi ta neman bakin zaren. A 1910 aka harbi magajin garin Niyok, William Gaynor, ya tsira da rauni. A farkon 1911 aka kashe marubuci David Graham Phillips da rana tsaka a titi. A wannan shekarar jihar ta kafa dokar Sullivan, wadda ta wajabta lasisi ga duk bindigar da za ta ɓoyu a jiki. A 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, majalisar Amurka ta hana shigo da ƙananan bindigogi daga waje sai sun cika wasu ma'aunai na girma da nauyi. Walther PPK ta gaza ma'aunin da ɗan kaɗan. Sai kamfanin ya ɗauki saman PPK ya ɗora a kan gangar jikin yayarta PP, ya sa mata suna PPK/S, ta shige. Duk wanda ya taɓa rubuta sharaɗi a manhaja ya san wannan: ka sa iyaka, masu amfani su tsaya daidai kan layin.

Adalci ne mu faɗi ɗaya ɓangaren, domin yana da nauyi. A 1892 wasu fararen fata suka kashe abokan 'yar jarida Ida B. Wells su uku a birnin Memfis, hukuma ba ta hukunta kowa ba. Wells ta sayi fistol ta riƙa yawo da ita, ta ci gaba da rubutu a kan kisan baƙar fata. A 1956, bayan an jefa bam gidansa a Montgomery, Martin Luther King ya nemi izinin ɗaukar bindiga, hukuma ta hana shi. Dokar da ta bar wa jami'i ikon ya ba wanda ya ga dama takan ƙare a hannun masu uwa a gindin murhu, raunana su koma ba kariyar gwamnati, ba ta kansu. Wanda gwamnati ta juya wa baya, ba shi da sauƙi ka ce masa ya zauna hannu rabbana.

Daga ƙarshen ƙarni na 20 iska ta juya. A 1987 jihar Fulorida ta yi dokar da ta tilasta wa hukuma ba da lasisin bindigar ɓoye ga duk wanda ya cika sharuɗɗa, jihohi da dama suka bi sahu. Ranar 23 ga Yuni, 2022, kotun ƙolin Amurka ta soke sharaɗin jihar Niyok na cewa sai mutum ya kawo dalili na musamman. Yanzu fiye da rabin jihohin ƙasar ba sa ma neman lasisi. Abin da kakanninsu suka ɗauka halin maciya amana ya koma ladabi, mai rataya bindiga a fili shi ake yi wa kallon mai neman fitina. Kamfanoni suka bi kasuwa: roba mai ƙarfi ta maye gurbin ƙarfe a gangar jiki, LCP ta fito da nauyin da bai kai giram 300 ba, a 2018 kuma SIG P365 ta cusa harsashi 10 a jikin da a da ba ya ɗaukar fiye da shida ko bakwai.

Duk da wannan ci gaba, taura biyu ba ta taunuwa. A sana'armu mun saba da cewa duk abin da ka ƙara wa manhaja, akwai abin da ka biya. Bindiga ma haka take. In ka rage mata nauyi, shurin da take yi wa hannu yana ƙaruwa, domin ƙarfin harsashin bai ragu ba, abin da zai shanye shi ne ya ragu. In ka gajarta ta, tazarar da ke tsakanin alamomin saiti biyu ta ragu, ɗan karkacewar da ido ba ya gani ya zama kuskure babba a wurin da harsashi zai sauka. Mariƙinta kuma yatsu biyu kawai yake ɗauka. Wato bindigar da ta fi sauƙin ɗauka ita ta fi wuyar harbawa daidai. Ko ƙwararru ba su tsira ba: binciken da cibiyar RAND ta yi wa 'yan sandan Niyok ya nuna cewa tsakanin 1998 da 2006, a musayar wuta, kashi 18 cikin 100 na harsasansu ne kawai suka sami wanda aka nufa. Sauran ba a iska suke narkewa ba.

Akwai kuma farashin kasancewarta kusa a kullum. Fiye da rabin mace-macen bindiga a Amurka na mutanen da suka kashe kansu ne. A ƙarshen 2014, cikin wani kantin sayayya, yaro ɗan shekara 2 ya zura hannu a jakar mahaifiyarsa ya ja kunama, ta mutu nan take, alhali tana da lasisinta. Ko yawaitar masu bindigar ɓoye na rage laifi? A 1998 masanin tattalin arziki John Lott ya wallafa littafi yana cewa tana ragewa. A 2004 kwamitin masana na ƙasar ya ce alƙaluman da ake da su ba su isa a yanke hukunci ba. A 2019 John Donohue na jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa shekara goma bayan irin wannan doka, laifukan zubar da jini sun fi yadda za su kasance da kashi 13 zuwa 15 cikin 100.

A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin rukunin haramtattun makamai, tare da bindigogin soja, ba mai mallakarsu sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta da ta ɗure suna rukunai masu sauƙin sharaɗi, a hannun 'yan sanda. Amma 'yan kwanaki bayan hukuncin kotun ƙolin Amurka, a Yunin 2022, gwamnatin Zamfara ta shawarci jama'arta su nemi izinin mallakar bindiga don kare kansu, babban hafsan tsaron ƙasa ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Ba mu da bakin zargin manomin da aka kora daga gonarsa, aka sace 'ya'yansa, in ya yi wannan tunani. Halin da ya shiga shi ne halin da Ida B. Wells ta shiga.

Tambayar da tarihin nan ya bar mana ita ce: a ina bindigar aljihu take aiki? Ɗan bindigar daji yana zuwa ne a ayarin babura da AK-47, wadda ke kaiwa mita 300. Fistol ɗin aljihu ta 'yan taku ce, daga nan zuwa ƙofar ɗaki. Ba za ta tare ayarin ba. Inda za ta riƙa zuwa kullum shi ne kasuwa, da tashar mota, da ɗaurin aure, da rumfar zaɓe, da cunkoson da ɗan adaidaita ya gogi motarka rai ya ɓaci. A waɗannan wurare faɗanmu yakan ƙare da cacar baki, wani dattijo ya shiga tsakani ya ce, "Haba 'ya'yana, ku yi haƙuri," kowa ya kama gabansa. Dattijon yana shiga ne domin yana ganin hannun kowa, kuma bai da dalilin tsoron aljihun kowa. Ranar da wannan yarda ta tafi, zai ja da baya kamar sauran jama'a, kuma mutum ɗaya ne zai sayi bindigar amma dukanmu ne za mu biya.