Doom II

Doom II: Hell on Earth wasan harbi ne na kwamfuta wanda kamfanin id Software na Amurka ya fitar a watan Oktoban 1994, a matsayin ci gaban Doom na 1993. Yana cikin jinsin wasannin da mai wasa ke kallon fage ta idon jarumin, bakin bindigarsa na leƙowa daga ƙasan allo. Labarinsa ƙagaggen labarin kimiyya ne, inda sojan sararin samaniya ya dawo gida ya tarar shaiɗanu sun mamaye duniya.

Matakansa 32 ne, biyu daga ciki ɓoyayyu, kuma makami ɗaya tak aka ƙara, wato bindiga mai baki biyu, wadda ƙarfinta a kusa da jinkirin ɗura mata harsashi suka tilasta wa mai wasa auna kowane taku, kuma a nan daɗin wasan yake. An tsara shi domin MS-DOS, amma tun da aka saki lambobin injinsa, wato manhajar da ke zana fagen, a 1997, masu sha'awa suka rubuta sababbin injina irin su GZDoom domin kwamfutocin zamani.