Fili ɗaya, takarda uku

Gidan da aka haife ni a Birnin Ƙonni bai taɓa samun takarda ba har mahaifinmu ya rasu. In aka tambaye shi iyaka, sai ya nuna iccen dogon yaro da katangar maƙwabci, ya ce kakanmu ne ya roƙi wurin a hannun mai unguwa, ya kai goro, aka yi fatiha. Ni kuwa da na tara kuɗin koyarwa na sayi fili a gefen wani gari na yankinmu, takardu uku aka miƙo mini, amma sai da na yi wata shida ban san ko ina da fili ba. Abin da ya sa na bi tarihin lamarin ke nan.

Kafin zuwan Turawa, shaidar mallaka mutane ne. Wanda ya sari daji shi ke da gona, baƙo kuma ya nemi wurin zama a hannun mai gari, a ƙarƙashin Sarkin Ƙonni, ko Sarkin Adar da ke Illela. (Illelar Adar nake nufi, ban da Illelar jihar Sakkwato da ke tsallaken iyaka.) In rigima ta tashi, dattawa da liman su ne littafin.

A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Ƙonni, ta kashe jama'a masu yawa. Bayan bindiga sai doka ta biyo. A 1906, sannan a 1932, Faransa ta kafa tsarin rajistar ƙasa a yankunanta na Afirka ta Yamma: wanda sunansa ya shiga littafin gwamnati shi ne mai fili. Dokar 1935 ta ƙara da cewa ƙasar da ba ta da mai ita, ko wadda aka bari fiye da shekara 10 ba a amfani da ita, ta gwamnati ce. Duk manomi ya san abin da wannan ke nufi ga saura, gonar da aka bari ta huta. An sassauta dokar a 1955, amma tunanin ya riga ya zauna a ofis, cewa takarda ta fi bakin dattijo. Talakawa kuwa ba su je rajistar ba, suka ci gaba da goro da fatiha.

Bayan ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta yi dokar 1961 kan karɓar fili don amfanin jama'a tare da biyan diyya, da ta 1962 da ta rage ikon sarakuna a kan filayen sarauta. A 1974 Seyni Kunce ya shelanta cewa gona ta mai noma ta ce. Wani zai ce wannan ai zancen gonaki ne. To, unguwar yau gonar jiya ce. Ranar da masu awo suka iso da turakun siminti, ranar ne jikokin wanda ya ba da aron gona da jikokin wanda ya ara suke tuna wa juna abin da aka yi shekara 50 ba a faɗa ba.

Garuruwan kuma sun cika. Masana'antar siminti ta Malbaza, tun shekarun 1960, ta jawo ma'aikata. A Ƙonni, filin noman rani da aka shimfiɗa daga ƙarshen shekarun 1970, sama da hekta 2,400 da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango a kan Majiya, ya ɗaure garin ta wasu ɓangarori, iyakar Najeriya kuma na nan kudu. Gari mai kasuwa da ya rasa wurin miƙe ƙafa, dole fili ya yi tsada.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta yi abin kirki: ta ce mallakar gargajiya da ta takarda darajarsu ɗaya, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda muke kira kofo, daga ƙauye har gunduma. Sai dai da zarar an yanka gona an mai da ita unguwa, abin da muke kira lotisma, an shiga wata dokar daban. Mai awo ya zana taswira, ya fitar da tituna, ya ware wuraren makaranta da asibiti da kasuwa da masallaci. Kafin a sayar da ko taku ɗaya, sai ma'aikatar tsara birane ta amince da taswirar. Mai gona a ba shi wani kaso na filayen, mai saye kuma ya karɓi takardar da muke kira akt, bisa sharaɗin zai gina. Akt ɗin nan mataki ne kawai. Takardar ƙarshe ita ce titir fonsiye, wadda aka sauƙaƙa samunta a 2006 da sunan Sheda, kuma har yau kaɗan ne daga cikinmu suka nema.

Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya ba magadan gari nauyi mai yawa da kuɗin shiga kaɗan, sai yankan fili ya zama hanya mafi sauri ta cika asusu. Ita kanta gwamnatin ƙasa ta taɓa biyan bashin albashin ma'aikata da filaye a farkon shekarun 2000, tsofaffin malamai ba su manta ba. A 2011 Malbaza ta zama gunduma, sababbin ofisoshi suka zo da sababbin masu neman muhalli. A Afrilun 2024 kuma aka rushe zaɓaɓɓun majalisu, aka naɗa kantomomi. A ganina matsalar ita ce kowace hukuma ta zo sai ta ɗora takardarta a kan ta baya, ba ta soke ta ba, ba ta kuma haɗa littattafan wuri ɗaya ba.

Takarduna uku su ne takardar ciniki mai hatimin mai gari, da akt, da kofin taswira da dillali ya ba ni. Na kai yashi da bulo. Wani tsoho, wanda gonarsa ce aka yanka, ya tsaya yana kallona, ya ce, “Mushe, kai da kake koyar da yara, a nan za ka gina? Mu dai an ce mana nan lakwal za a yi.” Na yi dariya, na nuna masa hatimi. Da dare abin ya hana ni barci.

Na nemi a nuna mini taswirar asali, wadda aka amince da ita. Sai da na yi sawu huɗu kafin na gan ta. Lambar filina babu ita a ciki. Wurin babban fili ne guda da aka ware wa makaranta, wani ya tsaga gefensa gida shida a kofin da ke hannuna. Kunya ta kama ni, domin ni ne na sha yin ƙorafi a taron iyayen yara cewa shaguna sun cinye filin ƙwallon makarantar da nake koyarwa. Filin makaranta ba shi da magada da za su kai ƙara, sau da yawa ma ba shi da titir, shi ya sa ake fara yanka daga gare shi.

Bayan wata shida aka musanya mini da wani fili, ƙarami, can nesa da famfo. Kuɗin yashin ya tafi. Biyu daga cikin sauran mutum biyar sun riga sun yi gini, maganarsu na gaban alƙali. A abin da ya rage na filin an kafa azuzuwan zana uku, kwamitin iyaye kuma ya dasa dogon yaro a kan iyaka, tsohon nan ne ke ba su ruwa da yamma. A makon jiya suka ce in taya su rubuta takardar neman titir da sunan makarantar, na rubuta, mun kai.