Jirgin Sama da Iskar Gefe



In ka taɓa hawan keke daga Magarya zuwa Dungas da hunturu, ka ɗauro tabarmi a baya, ka san yadda iska ke ture mutum daga gefe. Dole ka karkata wajenta, in ba haka ba ka sha ƙasa. To, haka jirgin sama ke fama da ita lokacin sauka.

Ran 22 ga Janairu 1973, wani jirgi ƙirar Boeing 707 ya ɗauko alhazai daga Jidda zai kai su Legas. Yanayi ya ɓaci a can, sai aka juya da shi Kano, nan kusa da mu. Ya tarar da iska mai ƙarfi. Da ya taɓa ƙasa ƙafarsa ta karye, ya kama da wuta. Mutum 202 ke ciki, 176 suka rasu. Allah ya jiƙan su.

A jiragen wancan zamani, igiyoyin ƙarfe ne ke haɗa hannun matuƙi da fukafukai, kamar linzami da bakin doki. A 1988 jirgin Airbus A320 ya fara ɗaukar fasinja, shi kuwa da wayar lantarki. Matuƙi ya motsa ƴar sanda, saƙo ya je wa kwamfuta, ita ce za ta motsa fukafukan. In iska ta ɗaga fiffike ɗaya, tana taya shi gyarawa. Amma lura: daidaita hancin jirgi da hanyar sauka har yanzu aikin ƙafar matuƙi ne.

Kada ka ce kwamfuta ta kashe magana. Ran 1 ga Maris 2008, a Hamburg ta ƙasar Jamus, wani A320 ya zo sauka cikin guguwa. Taya ta gefe ɗaya ta taɓa ƙasa, sai kwamfuta ta ɗauka an sauka, ta rage ikon sandar da rabi. Iska ta ɗaga fiffiken dama, na hagu ya goge ƙasa. Matuƙan suka sake tashi, suka sauka a wata hanyar, ba wanda ya ji ciwo. Masu bincike sun gano cewa littafin jirgin bai bayyana wa matuƙa wannan hali na kwamfutar ba.