Kalmomin Shari'ar Turawa a Bakin Bahaushe

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da kalmominsa na shari'a, galibinsu daga Larabci, kamar alƙali, muhuti, shaida, hukunci, diyya da ƙisasi. Da Gwamna Lugga ya kafa mulki a Arewa cikin 1900, bai rushe shari'ar alƙalai ba, sai dai ya kafa kotunan Turawa a gefenta. A 1904 kuma aka kawo dokar laifuffuka mai tushe daga Ingila.

Daga nan baƙin kalmomi suka yi ta kwararowa: kotu, joji, lauya, majistare, sammaci, beli, fursuna. Amma in mai karatu ya lura, duk sunaye ne na mutane da abubuwan da ido ke gani. Kalmomin da ake yanke hukunci da su kuwa ba su sami gindin zama ba. Alal misali, guilty ba ta da takwara guda a Hausa. In tafinta ya ce, "Ka yi ko ba ka yi ba?" mutumin da ya yi duka don kare kansa zai ce ya yi, alhali kuwa abin da joji ke tambaya shi ne ko ya amsa laifi.

Shari'ar Tsofo Gubba ta 1947 ta nuna nauyin wannan al'amari. Kotun Sarkin Gwandu ta same shi da laifin kisan ganganci, ta yanke masa hukuncin kisa bisa mazhabar Malikiyya. Dokar Turawa kuwa ta raba murder da manslaughter, watau in tsokana mai tsanani ce ta tunzura mutum, ba a kashe shi. Saboda haka Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin. Aiki ɗaya, suna biyu, ran mutum a tsakani.

Taƙaddamar da ta biyo baya tana cikin dalilan kafa dokar Final Kod, wadda aka tsara bisa ta Sudan, ta fara aiki a 1960.

Don haka, 'yan'uwa ɗalibai, duk wanda zai yi tafinta ko fassara a kotu, haddar ƙamus ba za ta ishe shi ba. Dole ya san dokar da ta haifi kalmar, domin magana zarar bunu ce.