Wankan Tsarki a Ƙasar Hausa: Tarihin Kurakuran da Malamai Suka Yi Gargaɗi a Kansu

1.0 Gabatarwa

A Hausa kalmar wanka ta tattara abubuwa da dama. Akwai wankan soso da sabulu, da wankan jego, da wankan amarya, sannan akwai wankan ibada, kamar na janaba da haila da biƙi da Juma'a. Shi wankan ibada na wajibi, salla ba ta inganta sai da shi, saboda haka kuskure a cikinsa yana iya jawo wa mutum ramuwar sallolin kwanaki masu yawa. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun kurakuran da malaman ƙasar Hausa suka yi ta gargaɗi a kansu, domin a nuna cewa kowane zamani da irin kuskuren da ya fi damun malamansa, kuma ma'aunin da aka auna su da shi tun farko na mazhabar Malikiyya ne.

2.0 Littattafan zaure da ma'auninsu

Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), ya kuma ambaci isowar Mudawwana, babban littafin Malikiyya, a zamanin Muhammadu Kisoke (1509-1565). Da tafiya ta miƙa sai karatun fiƙihu a makarantun zaure ya sami tsani sananne. Almajiri kan fara da Ƙawa'idi, ya shiga Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya haura Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan (ya rasu 996), daga nan sai Askari da Muhtasar na Halilu. Kusan dukkansu tsarki ne farkon abin da suke karantarwa a fiƙihu.

Ahalari ya ƙidaya farillan wanka huɗu: niyya a lokacin farawa, da gaggautawa, watau kada a yanke wankan a bari jiki ya bushe, da cuccuɗawa, da game jiki da ruwa. Ishmawi ya ƙidaya biyar, domin ya ware tsattsefe gashi ya mai da shi farilla mai zaman kanta. Kurkurar baki da shaƙa ruwa kuwa duka littattafan biyu sun sanya su cikin sunnoni. Daga wannan ƙidaya aka ciro kurakuran da malamin zaure yake nanata wa ɗalibansa.

Babba daga cikinsu shi ne barin lam'a, watau wani gurbi a jiki da ruwa bai taɓa ba. Risala ta bi wuraren da ruwa kan tsallake ɗaya bayan ɗaya: zurfin cibiya, da ƙarƙashin maƙogwaro, da hammata, da matse-matsi, da bayan gwiwa, da tafin ƙafa. Ahalari ya kawo hukuncin wanda ya manta lam'a: ya wanke ta da zarar ya tuna, ko da bayan wata guda ne, ya rama sallolin da ya yi a tsakani, in kuwa ya tuna ya yi jinkiri, wankan ya ɓaci. Na biyu shi ne kwarara ruwa ba tare da bin sa da hannu ba. Na uku shi ne shafar al'aura da cikin tafin hannu bayan an gama gaɓoɓin alwala, wanda ba ya ɓata wankan, amma yana warware alwalar, sai an sake ta kafin salla.

Akwai kuma batun ruwan kansa. Sharaɗi shi ne kada launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da wani abu baƙo, kamar sabulu ko mai. In kuwa ya jirkita ne da abin da yake zaune a kansa, kamar taɓo ko gansakuka, ba laifi. Wannan sassauci ya yi wa mutanen karkara amfani, domin a rani tafki da kududdufi da rijiya su ne madogara. Shi ya sa aka saba a gama wankan soso da sabulu, a ɗauraye jiki, sannan a ɗaura niyya da ruwa garai. Har ila yau Ahalari ya hana wanda ba ya iya taɓa ruwan sanyi kusantar iyalinsa sai ya tanadi abin ɗumama ruwa, hukuncin da duk wanda ya san asubahin hunturu a Kano ko Damagaram ya san dalilinsa.

3.0 Zamanin jihadi

Wannan ilimi ya daɗe a tsare cikin zaure, ga maza masu jin Larabci. Abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754-1817) ya tarar ke nan lokacin da ya fara wa'azi wajen 1774. A cikin Nurul Albab ya soki malaman da suke tara ɗalibai a waje, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata da bayinsu cikin jahilci, ba su san hukuncin alwala da salla da azumi ba. A ganinsa laifin yana wuyan wanda ya sani ya ƙi sanarwa.

Illar wannan rashin sani ta fi fitowa fili a wurin da al'ada ta haɗu da hukunci. Misali mafi bayyana shi ne wankan jego, wanda maijego take yi da tafasasshen ruwa da ganye, safe da yamma, har a yi arba'in. Wannan magani ne na gargajiya, ba shi da niyyar ibada. Amma da yake sunansa wanka, kuma yana da adadin kwanaki, sai mata da yawa suka ɗauka cewa salla ba ta hawa kansu sai an cika arba'in. A Malikiyya kuwa iyakar jinin biƙi kwana 60 ne, kuma in ya ɗauke kafin nan, ko da a ranar haihuwa ne, mace za ta yi wanka ta yi salla. Wadda jininta ya ɗauke a kwana 15 ta jira arba'in, ta bar sallolin kwana 25 ke nan.

Haka nan batun kitso. Ummu Salama ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko sai ta kwance kitsonta, ya nuna mata cewa zuba ruwa sau uku a ka ya isa. Risala ta bi wannan, ta ce mace ta matsa gashin ruwa ya ratsa. Masu sharhin Muhtasar suka ƙara da cewa in kitson ya yi tsauri, ko an sarƙe shi da zare mai yawa har ruwa ba ya shiga, to dole a kwance. Wadda ba ta san wannan ba, ko dai ta shafa saman kai kawai ta bar lam'a, ko kuma ta jinkirta wankan don tausayin sabon kitso.

Masu jihadi sun kuma kula da kuskuren masu wuce gona da iri. A cikin Ihya'us Sunna, wanda ya kammala a 1793, Shehu ya ware wa wanka babi, ya bayyana sunna, sannan ya bi bidi'o'in da aka shigar, ciki har da yawan kwarara ruwa da sunan addini. Dama Risala ta riga ta kira ɓarnar ruwa bidi'a, ta kafa hujja da cewa Annabi ya yi alwala da mudu ɗaya, ya yi wanka da sa'i, watau mudun Annabi huɗu, abin da bai wuce kimanin lita 3 ba. Mai waswasi da yake ƙarar da tulu guda yana maimaita gaɓa ɗaya, shi ma a wurinsu mai kuskure ne.

Maganin da aka ɗauka shi ne kai ilimi cikin gida, da harshen da mata suke ji. Nana Asma'u (1793-1864) ta tsara ƙungiyar 'yan taru, inda jajoji suke zuwa wurinta su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma ƙauyuka su karantar da mata. Ta wannan hanya aka rage katangar kunya, domin abin da mace ba za ta iya tambayar malami namiji ba, tana iya tambayar dattijuwa 'yar'uwarta.

4.0 Zamanin boko da bayansa

Bayan zuwan Turawa a 1903 hanyoyin karatu sun ƙaru. An buɗe Makarantar Shari'a ta Kano a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. An buga littattafan ibada da Hausar boko, irin su Ibada da Hukunci na Alhaji Haliru Binji, aka kuma fassara Ahalari da Ishmawi da Risala. Mai kunyar tambaya ya sami damar karantawa shi kaɗai a ɗakinsa.

Sababbin kayayyaki sun zo da sababbin mas'aloli. Lalle rini ne, ba ya hana ruwa isa ga fata, amma jan farce na kanti yana yin ɓawo a kan farce, ya zama lam'a. Haka fenti da danƙo ga masu sana'a, haka gashin kanti in an ɗinke shi da tsauri. Zuwan famfo da shawa ya farfaɗo da tsofaffin mas'aloli biyu, watau tsayawa ƙarƙashin ruwa ba cuɗa, da ɓarnar ruwa.

Babban sauyi kuwa shi ne na ma'auni. Da aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, aka kuma kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, sai littattafan hadisi da na sauran mazhabobi suka yawaita a hannun jama'a. A nan aka ga cewa cuccuɗawa, wadda Malikiyya ta mai da farilla, sauran mazhabobin uku ba su wajabta ta ba. Kurkurar baki da shaƙa ruwa, waɗanda suke sunna a Ahalari, wajibi ne a wurin Hanafiyya da Hambaliyya. Niyya ma, Hanafiyya ba ta sanya ta sharaɗin wanka ba. Sai ya zama mai wa'azi yana iya cewa wankan wanda bai kurkure baki ba ɓatacce ne, alhali mai sauraronsa ya tashi a kan littafin da ya ce ingantacce ne. Wannan ya jefa wasu cikin shakkar sallolinsu na shekaru.

5.0 Kammalawa

An ga cewa malaman zaure sun fi tsoron lam'a da rashin cuɗa, masu jihadi sun fi damuwa da jahilcin da aka bar mata a ciki da kuma wuce iyaka, malaman baya kuwa sun fuskanci sababbin kaya da saɓanin mazhabobi. Abin da ya ratsa dukkan zamunnan shi ne kunya, da kuma kalma ɗaya da take ɗauke da al'ada da ibada gaba ɗaya. Saboda haka ya kamata mai karantarwa, kafin ya kira wani abu kuskure, ya bambanta wanda yake ɓata wanka a wurin kowa, kamar barin lam'a, da wanda aka yi saɓani a kansa, ya kuma faɗi mazhabar da yake aunawa da ita. Ya kamata kuma manazarta su tattaro waƙoƙin fiƙihu na ajami da suke warwatse a gidajen malamai, domin a ga yadda magabata suka sarrafa Hausa wajen faɗar abin da ake jin nauyin faɗa.